Yadda Za Ka Zaɓi Mai Buga Maka Laimar Talla Ba Tare da Ka Rasa Kujerarka Ba

Na yi maka alkawari, kai mai karatu: in ka bi matakan nan bi da bi, ba ka tsallake ko ɗaya ba, za ka samu mai buga kayan kyauta wanda zai kai sunan shagonku har cikin ɗakunan da ba a taɓa gayyatarka ba. Ban ce wataƙila ba. A kaina na gwada, ga ni kuma zaune.

Zaman nan shi ne maganar. Ɗiyata tana da shagon kayan rufi: kwano, ƙusa, silin, kwaltar liƙe yoyo, da kafintoci masu hawa sama in an kira. A gida Uwata nake ce mata, don sunan mahaifiyata gare ta. A shago kuwa Manaja, don haka ta ce a kira ta. Tun da gwiwoyina suka riga ni yin ritaya, ta ajiye mini kujera a bakin ƙofa. Daga nan nake kallon titi, ina gaida masu shiga, ina karanta tsofaffin jaridun da ake ƙunshe ƙusa da su. A kujerar nan na ci gaba da karatun da na baro tun ina yaro. Shi ya sa nake da sani mai yawa, sai dai kowane labari ƙarshensa yakan tafi da wani mai sayen ƙusa.

Ana nan sai wani ya buɗe shago irin namu a tsallaken titi, ya shiga rabon laima ruwan ɗorawa, sunansa a jiki da manyan baƙaƙe. Surukina kuma, mijin Manaja, mutumin kirki ne, amma duk sanda ya dubi kujerata kantar fenti yake gani a wurin.

Mataki na 1: Karɓi aikin tun kafin ka gane shi

Kada ka tsaya tambaya. Mai tambaya ana gane bai sani ba, mai gyaɗa kai kuwa sai an daɗe.

Manaja ta ce mini, "Baba, kullum kana cewa kai ka san mutane. To ga aiki. Nemo mana wanda zai buga mana kayan kyauta kafin ruwa ya sauka. In abin ya yi kyau, kujerarka ta zauna ke nan. In ya ɓaci, ka koma gida wajen rediyonka, a kafa kantar fenti a nan."

Na ce, "Uwata..."

"Manaja."

"Manaja, an gama."

Surukina yana gefe yana auna bango da ido. Na lura har ya ƙirga da ƙafafun kujerar.

Mataki na 2: San abin da za ka bayar kafin ka nemi mai yin sa

Za a ce maka biro. Ƙi. Shekarata nawa a duniya ban taɓa ganin wanda ya ƙarar da tawadar biron kyauta ba. Ɓata suke yi. Ina kyautata zaton akwai wani gari can bayan duwatsu inda dukansu suke taruwa, kowanne da sunan kamfaninsa, suna yi wa juna talla.

Za a ce maka kalanda. Kalanda da ranar mutuwarta a jiki ake haifarta. Hula kuma mai ita ba ya ganin abin da aka rubuta masa a ka, ga shi sai ya cire in zai sosa ƙeya. Mariƙin makulli kwana yake a aljihu tare da zare da tsohon tikitin mota. Kofi yakan fara da shayi ya ƙare da buroshin haƙori.

Ni laima na zaɓa. Ba don mai shagon tsallaken titi ya yi ba. Wannan sharri ne irin na surukai. Na zaɓe ta ne saboda laima rufi ce mai ƙafa. Mai sayar da rufi, in zai yi kyauta, sai ya ba mutum ɗan ƙaramin rufi ya ɗanɗana. Masana sun faɗi haka, ko kuma za su faɗa in an tambaye su.

Mataki na 3: Guji mai littafin hotuna mai sheƙi

Na farko da zai zo maka da kwat zai zo, da jaka, da ƙamshin turare mai riga shi shiga shago. Zai buɗe littafi mai santsi, kowane shafi mutane suna dariya riƙe da kofi. Ka dube su da kyau. Ba wanda ke yin irin wannan dariya don an ba shi kofi.

Na tambayi Mai Kwat, "Ɗana, ka taɓa ɓata wa wani aiki?"

Ya ce, "Baba, mu ba ma kuskure."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Na ce masa ya gaida gida. Mutumin da bai taɓa kuskure ba yana tanadinsa ne, kuma ba ka so ya zama a kanka zai kashe tanadin.

Mataki na 4: Yabi wayar surukinka, amma kada ka bi ta

Surukinka zai kawo maka waya har gaban hanci. Zai ce ga wani kamfani can nesa, ka danna nan, ka danna can, kaya su iso cikin kwali. Zai nuna maka taurari a ƙarƙashin sunansu, ya ce mutane ne suka ba su.

Na ce, "Su wa suka ba su?"

"Kwastomomi, Baba."

"Ka san su?"

"Ba sai na san su ba."

"To in laimar ta karye, wa zan je in zauna wa a ƙofa?"

Ya ce akwai wurin rubuta ƙorafi. Na ce ni ƙorafina ba ya rubutuwa, sai da fuska. Ka riƙe wannan: kada ka yi ciniki da wanda ba shi da bencin da za ka zauna a kai ka ɓata masa rai. Amma ka yabi wayar. Ka ce allonta ya yi haske. Suruki ba a barinsa hannu wofi.

Mataki na 5: Nemi wanda ya jera kurakuransa a kanta

Sai ka taka da ƙafarka. Ka bi bayan layin masu walda, ka wuce mai gyaran fanka, ka bi warin tawada har ya kai ka wata ƙofa da sai ka sunkuya. A nan na samu nawa. Mai Tawada ake ce masa, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, yatsunsa shuɗi har farce. Ɗakin ƙarami ne, inji ya cinye rabi, teburi ya cinye sauran. Fanka tana juyi dab da ka.

Abin da ya kama ni kanta ce a bayansa. Akwai kofin da hannunsa ya raba lambar waya gida biyu. Akwai riga mai tambari a hammata. Akwai agogon bango da hoton wani mai kamfani, hannayen agogon suna fitowa daga hancinsa, ta yadda ƙarfe takwas da minti ashirin sai ya yi gashin baki. Na daɗe a gaban agogon nan. Na so in jira in ga ƙarfe goma sha biyu.

Na ce, "Duk aikinka ne?"

Ya ce, "Aikina ne. Amma yatsunsu ne."

"Kamar yaya?"

"Ni ƙa'idata ɗaya, Dattijo. Inda yatsan mai kaya ya sauka, nan nake bugawa. Na bar gardama da yatsa tun da daɗewa. Baki yakan ce ba haka na ce ba. Yatsa ba ya musu."

Nan take na san na samu mutumina. Mai ƙa'ida ɗaya ya fi mai goma, don ba ya mantawa da ita.

Mataki na 6: Gwada kaya a jikinka

Kada ka yarda da taɓawa da murza ƙyalle. Laima ba a sanin halinta a inuwa. Ka fita da ita tsakar gida, ka buɗe, ka shiga, ka ce wa mai kayan ya ɗebo bokiti.

Mai Tawada ya kawo iri uku. Ta farko ta bar ruwa ya sauko ta sanda har cikin hannun rigata. Ta biyu ta riƙe ruwan amma ta saki ƙarfe ɗaya, ya tsaya yana nuna maƙwabta. Ta uku baƙa ce, mai nauyi, ba ado. Ya hau kan benci ya sheƙa mata bokiti guda, ban ji komai ba sai ƙara. Ƙarar nan kuwa, irin ta ruwan farko a kan sabon kwano. Na ce ya ƙara. Ya ƙara. Masu walda suka ajiye aiki suka leƙo ta katanga, ɗaya ya ce, "Baba, in wanka ne a cire laimar."

Kada ka kula su. Masu bincike tun da can haka ake yi musu.

Mataki na 7: Nuna da yatsa, kuma kada ka nemi samfuri

Wannan shi ne zuciyar aikin, ka natsu.

Za ku koma ciki don a nuna inda suna zai zauna. Buɗaɗɗiyar laima ba ta tsayuwa a ɗaki irin wannan. In ka ɗaga ta fanka za ta yi mata aski. Dole a kwantar da ita a teburi ta bayanta, sanda a sama, ciki a buɗe kamar baho. Haka muka yi.

Ban sani ba ko ka taɓa tsayawa ka kalli cikin laima. Mutane ba sa yi. Ƙarafan nan sun taru a tsakiya sun bazu, kamar katakon rufi kafin a ɗora kwano. Na tsaya ina tunanin ashe kowa yana yawo da aikin kafinta a hannu bai sani ba. Na kuma ga in aka sa ta a ruwa haka, kwalekwale ce. Ina cikin lissafin kaji nawa za ta ɗauka sai na ji Mai Tawada yana cewa, "A ina, Dattijo?"

Na sa yatsa a tsakanin ƙarfe biyu. "A nan. Sunan shago, da lambar waya, da fari. A ƙasa a rubuta: Muna liƙe yoyo."

Ya dubi yatsan. Ya dube ni. "A nan?"

"A nan."

Ya ɗauki alli ya zagaye wurin. Ya ce ko ya buga ɗaya in kai gida a gani tukuna. Na ce a'a. Samfuri ɗan gwaninta ne, kamar yaron da aka yi wa wanka don baƙi. Ba shi ne halin gidan ba. Na ce ya buga duka.

Akwai masu cewa wai na manta laimar a kwance take. Ba na amsa wa irin waɗannan.

Mataki na 8: Ranar rabo, tsaya kusa da ƙofa

Manaja ta gayyaci 'yan kwangila, da magina, da maƙwabtan layi. An share gaban shago, an jera kwalaye. Surukina ya ba wani wayarsa ya ɗauki hoto, ya zaro laima ta farko, ya ɗaga ta sama ya danna.

Ta buɗe, baƙa wuluk. Ba ko ɗigo.

Ya juya ta hagu. Ya juya ta dama. Wani magini ya ce, "Ko sai ta jiƙe rubutun ke fitowa?" Mai shagon tsallake yana tsaye a ƙofarsa ƙarƙashin laimarsa ruwan ɗorawa, ana iya karanta sunansa daga inda muke ba tare da tabarau ba.

Sai surukina ya ɗaga kai. Ya daɗe a haka. Ya ce a hankali, "Ga shi nan a ciki."

Manaja ta shiga ƙarƙashin laimar, ta duba, ta fito. Tun tana ƙarama in ranta ya ɓaci ba ta ɗaga murya, sai dai ta gyara abin da ba ya bukatar gyara. Ta gyara bakin kwali.

"Baba."

"Na'am, Manaja."

"Wa zai karanta wannan?"

"Mai laimar."

"Mai laimar ya san mu, Baba. Mu muka ba shi."

A irin wannan lokaci kada ka yi bayani. Bayani sai ya ƙara tsawon tsayuwa, gwiwa kuma ba ta so. An raba laimomin haka nan, don an riga an tara mutane. Kowa ya karɓa ya yi godiya da irin muryar da ake gaida mara lafiya. Kafin la'asar kafinta ya ɗora kujerata a baro, ni ina biye da shi a baya. Da na waiwaya na ga surukina da guduma. Bai ko bari wurin ya huce ba.

Mataki na 9: Jira ruwa

Za ka zauna a gida. Rediyo zai ba ka labarai cikakku, da farko da ƙarshe, ka ji ba su da daɗi ko kaɗan. Ba mai wucewa ka gaida shi. Za ka san adadin ƙadangarun katangarka da wanda ba ya shiri da wani. Ka daure. Ka riƙa duban sama.

Ga abin da Manaja ba ta sa a lissafi ba, ni ma sai daga baya na tuna cewa na sani. Laima ba ta da ubangida. Ba wanda ya taɓa tsufa da laimar da aka ba shi. Magini zai ara wa ƙaninsa, ƙanin ya manta ta a wajen aski, mai aski ya raka baƙuwa da ita bakin titi, baƙuwar ta wuce da ita unguwar da ba mu taɓa jin sunanta ba. Kuma in ana ruwa ba mai karanta bayan laimar wani. Kowa kansa a ƙasa, yana tsallake kwata. Mutum ɗaya ne a duk titin yake a bushe, ba abin yi, ido a sake: wanda ke ciki.

Ruwa ya sauka, ya yi kwanaki yana yi. Wata rana da azahar sai ga surukina a ƙofa, a jiƙe har wuya.

"Baba, Manaja ta ce ka zo."

"Lafiya?"

"Ka dai zo. Ta ce da kujerar."

Na samu wani tela a shagon, ban taɓa ganinsa ba, riƙe da baƙar laima yana ba da labari. Ya ce rufin shagonsa ya fara ɗiga daidai kan keken ɗinki, ga kayan mutane. Ya rasa abin yi, ya jawo laimar da wan matarsa ya manta, ya buɗe a kan keken ya shiga. "Na ɗaga kai in tsine wa silin," in ji shi, "sai na ga an rubuta, Muna liƙe yoyo, ga lamba. Na ce wannan ko daga sama aka aiko ta?"

Bai rufe baki ba waya ta yi ƙara. Wata ce mai gidan abinci, laima a kan murhu. Bayanta wani malamin makaranta, laima a kan littattafai. Ashe duk mai yoyo abu biyu yake yi: ya buɗe laima a ɗaki, ya dubi sama. Kafintoci sun fita tun safe ba su dawo ba. Na tsallake yana zaune ya haɗa tagumi, laimominsa suna ta wucewa a titi suna gaya wa gajimare sunansa.

Mataki na 10: Kada ka ce ai na faɗa

Ka bari fuskarka ta faɗa. Ta fi iyawa.

Sai dai ka shirya wa abu ɗaya. Kantar fenti an riga an kafe ta da ƙusa, kuma ƙusar shagonmu ba ta fita. Da haka muke alfahari. Wurin da ya rage wa kujera shi ne lungun baya, kusa da buhunan siminti. A lungun nan ne rufin shagon kansa yake yoyo, an daɗe ana cewa za a duba. Yanzu kuwa kafintoci ba su da lokaci, saboda ni.

Manaja ta ajiye kujerar da hannunta, ta goge ta, ta miƙo mini laima. Na zauna na buɗe. Ruwa yana ɗiga a kai, ɗis, ɗis, daidai yadda nake so. Na ɗaga kai, na ga fararen baƙaƙe. Na zaro 'yar wayata na danna lambar.

Wayar shago ta yi ƙara a kan teburin Manaja, taku kaɗan daga inda nake. Ta ɗauka ba ta duba ba.

"Shagon kayan rufi, ina wuni."

"Lafiya lau. Rufina ne ke yoyo."

Ta juyo. "Baba, ina ganinka fa."

"Kwastoma ne ke magana."

"To kwastoma, akwai mutane da yawa a gabanka. Riƙe laimarka da kyau."

Na ce, "To, Uwata."

Ba ta gyara ba. Ta dai juya baya, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin abin da zai same ka in ka bi shi. In kai takalma kake sayarwa ka sa aka buga sunanka a tafin ƙafa, yatsanka ne. In ka bi duk matakan ruwa ya ƙi sauka, ba ni nake riƙe da shi ba. In surukinka ya fi nawa saurin guduma, in ɗiyarka ba ta da haƙurin tawa, in ka tsaya ƙarƙashin bokiti mura ta kama ka, ko ka je wajen Mai Tawada ka tarar da aikinka a kanta kusa da agogo, duk tsakaninka ne da su. Ban san ka ba, ban aike ka ba.

Wanda duk da haka yake da ƙorafi, ya kawo shi da fuskarsa. Akwai buhun siminti da zai zauna a kai. Ba zan rubuta maka kwatance ba. Ari baƙar laima wajen maƙwabcinka, ka buɗe, ka ɗaga kai.